Ranar da Kawu Ya Hau Makara da Ransa

Da sunan Allah nake buɗe wannan magana, Shi da Yake ba da aron rai kuma Ya karɓi abinSa a lokacin da Ya ga dama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya riga mu gidan gaskiya da hantsin wata Laraba, bayan Allah Ya ba shi tsawon rai har ya ga 'ya'yan jikokinsa.

Na sha zaman makoki a Fagge, amma ban taɓa zama a wanda dariya ke ta neman ƙwacewa ba sai na Kawu. Dattijo zai shigo da fuska a ɗaure, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce, "Ya ƙarin haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Sai ya gyara zama, can ya ce, "Allah Ya jiƙan Alhaji. Wannan dai hawansa na biyu ke nan." Sai ka ga ya kai hannun riga baki, kafaɗunsa na motsi. Na kusa da shi ma ya sunkuyar da kai. Tsofaffin matan Sabon Gari sun zo da ɗaurin ɗankwalinsu da kwanukan shinkafa, suka shige cikin gida wurin Inna, matar marigayin. Ba a jima ba muka jiyo shewa daga tsakar gida, aka yi maza aka danne ta da salati.

Wata jikarsa ce ta tare ni a soro ta ce, "Baffa, wai mene ne hawa na biyu? Kowa ya faɗa sai ya yi dariya, mu kuma an bar mu a duhu." A nan na gane cewa masu sanin labarin sun kusa ƙarewa. Na rubuta shi da ajami kamar yadda hannuna ya saba, aka mayar mini da shi boko don yaran su karanta.

Kawu tela ne. Ko da ya zama ɗan majalisar jiha, ya zama shugaban masu rinjaye kuma jagoran jam'iyyarsa a wannan yanki, bai taɓa fita ba tef ɗin awo a aljihunsa ba. Shagonsa na nan bayan Kantin Kwari. A shekarun da kuɗin mai ya buɗe, ma'aikata suka sami ƙarin albashi, babura suka cika gari, kowa na son sabuwar babbar riga, to a shagon nan ake taruwa, ana jiran ɗinki ana tattauna al'amuran unguwa. Daga nan aka tura shi kansila. Da soja suka tashi miƙa mulki a ƙarshen shekarun saba'in, mutanen Fagge da na Sabon Gari suka ce shi suke so ya tafi majalisa. Bokonsa bai wuce na yaƙi da jahilci da Turancin kasuwa ba, amma ajami kam yana karanta shi kamar ruwa. Ni a lokacin ina da iyalina da makarantata ta allo, sai ya ɗora mini aikin mayar masa da kowane ƙuduri zuwa Hausar ajami.

Yakan ce, "Doka riga ce. In ba a gwada wa mai ita ba, a hammata take kama shi." Yakan kuma ce, "Almakashi ba ya neman gafara." Saboda haka duk ƙudurin da zai shiga majalisa sai ya yi masa abin da yake kira gwaji. Wuraren gwajin biyu ne. Na farko dakalin ƙofar gidansa a Fagge bayan la'asar. Na biyu rumfar wani kafinta a Sabon Gari, ranar Lahadi in an taso daga coci. Sai ya sa in karanta, shi kuma ya lumshe ido yana sauraren inda mutane za su yi tsaki.

Na tuna ranar da aka gwada dokar hana dabbobi yawo a titi. Ina gama karantawa wata tsohuwa mai ƙosai ta ce, "To Alhaji, ni na ji. Wa zai karanta wa akuyata?" Aka fashe da dariya, shi ma har da hawaye. Amma bai bar maganar ta wuce ba. Ya tambaye ta inda take ɗaure akuyar, ya gane cewa yawancin gidajen haya ba su da turke. Da ƙudurin ya koma majalisa, an ƙara masa wa'adi da filin ɗaure dabbobi a kowace unguwa. Haka ya yi da maganar famfunan unguwa da aka so cirewa don masu hali sun ja ruwa gidajensu, haka da magudanan ruwan da ke cika mana lunguna da damina, haka da fitilun kasuwa. Ba duka ya ci nasara ba, amma ba wanda ya shiga da shi ba gwaji.

Shi wannan kafinta abokinsa ne tun suna samari. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Lokacin yaƙin basasa da ya kwashe iyalinsa ya tafi, Kawu ya ɗauki kekensa na ɗinki guda ya kafa a rumfar don kada wani ya ce ba ta da mai ita. Da kafinta ya dawo, ya tarar da zartunansa a rataye, an shafe su da man keke, ko tsatsa babu. Ba su taɓa yin maganar a gaban mutane ba. Abin da muke ji kawai tsokana ce. Kawu na ce masa Sarkin Ƙusa, shi kuma yana ce masa Onarabul Tela.

A jam'iyya ma halin tela yake yi. In 'yan takara biyu suka yi faɗa, ba ya hawa kujera ya yanke hukunci. Sai ya kira su shago, ya ce zai yi musu ɗinkin Salla, ya tsayar da ɗaya yana auna shi, ɗayan na riƙe da bakin tef. Yakan ce mutum ba ya iya cika baki hannuwansa a shimfiɗe. Kafin a gama awo an gama sulhu. Har jagoran 'yan adawa, wani Alhaji mai jiki da murya kamar ganga, wanda suke kwana suna tashi da musu a zauren majalisa, Kawu ne ke masa ɗinki. In an yi masa magana sai ya ce, "Ra'ayinsa ne ba na so. Wuyansa bai yi mini laifin komai ba."

To ga asalin hawan farko. A cikin ayyukan da kuɗin mai ya kawo akwai wani sabon titi mai hannu biyu, wanda za a kafa wa shingen ƙarfe a tsakiya daga farko har ƙarshe. Titin ya bi ta tsakanin unguwanninmu da maƙabartu biyu, tamu ta Musulmi da ta Kiristocin Sabon Gari, waɗanda katanga ɗaya ta raba. Tun kakanni, hanya guda ake bi da gawa zuwa can, a ƙafa. In aka kafa shingen, hanyar ta mutu. Masu tsara aikin ba su manta da mu ba, sun ce za a yi gadar sama ta masu tafiya a ƙasa a daidai wurin, irin wadda aka riga aka gama kusa da kasuwa. Kowa a majalisa ya yaba. Gadar sama a lokacin abin alfahari ce, har hoto ake zuwa ɗauka a kanta.

Da na karanta ƙudurin a dakali, ba wanda ya yi tsaki. Sai wani tsoho da ke wankan gawa a unguwa ya ce a hankali, "Allah Ya sa matattunmu su iya hawa bene." Kawu ya buɗe ido. Na ga hannunsa ya shiga aljihun da tef yake.

Ya kai maganar majalisa, aka ce ai matakala ce kawai, masu ɗaukar gawa ƙarti ne. Ya kai ta taron jam'iyya, aka ce masa, "Ranka ya daɗe, aikin gwamnatinmu ne, kai ne jagoranmu, kada ka ba 'yan adawa abin faɗa." Ya dawo gida ya ce da ni, "Malam, gani ya kori ji. Gwaji za a yi."

Ya tafi wurin yayansa, wanda shi ne limamin masallacin unguwarmu, ya ce a ba shi aron makara.

Liman ya ce, "Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Ni zan hau."

Liman ya ajiye carbinsa. "Ashe siyasar ta kai ka nan? Makara abin wasa ce? Kai ba ka tsoron Allah Ya amsa?"

"Yaya, in Ya amsa ai an huta da neman makara."

"Tashi ka ba ni wuri! Muddin ina limanci, makarar masallacin nan ba ta zuwa wasan 'yan majalisa."

Kawu ya tashi ya yi masa sallama da ladabi, ya zarce Sabon Gari. Kafinta ya saurare shi har ƙarshe, ya yi dariya har ya zauna a kan tarin katako. Ya ce, "Onarabul Tela, na yi wa mutane da yawa akwati, amma ba wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya ba ni awo." Kawu ya miƙa masa tef ya kwanta a kan teburin aiki. Aka yi makara sabuwa fil da katako mai ƙwari.

Ranar gwaji, da safe, Kawu ya gayyaci kwamitin ayyuka na majalisa zuwa gadar da ke kusa da kasuwa, wai su duba kyawun aikin. Suka zo da manyan riguna da motoci masu sheƙi, har da kwamishina da jagoran adawa. Suna tsaye suna yaba fenti, sai ga mu mun sauke makara daga bayan a-kori-kura. Kawu ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya miƙe a ciki, ya harɗe hannuwa.

Ya ce, "To, masu girma, na mutu. Ga maƙabarta can ƙetare. Ku kai ni."

'Yan kasuwa suka fara taruwa, 'yan dako suka ajiye kaya. Jagoran adawa ne ya fara naɗe hannun riga. Ya ce, "Wallahi na daɗe ina roƙon Allah Ya nuna mini ranar da zan ɗauki gawar mutumin nan. A ba ni wajen kai!" Sauran suka ji kunya suka kama.

A ƙasa lafiya lau. Da aka fara hawa, sai na gaba suka yi sama, na baya suka yi ƙasa, Kawu ya fara zamewa ta wajen ƙafa. Na baya suka ɗaga hannu har saman kai, rigunansu na harɗe musu ƙafafu. Wani ya taka gefen rigar wani. Hular Kawu ta faɗo ta gangara har ƙasa, wani ɗan dako ya cafe. Da aka kai kwanar matakala, makarar ta ƙi juyawa, ta cije tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ga gumi, ga haki, ga jama'a a ƙasa suna ta "A yi a hankali da mamaci!"

Jagoran adawa ya leƙa cikin makarar ya ce, "Alhaji, don Allah ka ɗan sauka mu juya ta."

Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Gawa ba ta sauka, ranka ya daɗe."

Dariyar da aka yi a wurin, ina jin har Kwari an ji ta. Kwamishina, mutumin kirki ne, shi ma ya yi dariya. Ya ce, "Alhaji, sauko haka nan. Mun gani." A makon nan majalisa ta ƙara sashe a dokar titin: duk inda titi ya raba unguwa da maƙabarta, a bar mashiga a ƙasa, kuma wajibi ne mota ta tsaya wa gawa har ta ƙetare. Don kada masu motoci su mai da mashigar wurin juyawa, aka ce a kafa turakun ƙarfe biyu a bakinta. Aka tambayi Kawu faɗin da za a bari. Ya fito da tef a gaban kowa, ya auna makara da kafaɗun masu ɗauka, ya ƙara ɗan sarari, ya faɗa. Aka rubuta, aka buga guduma.

A gida kuwa wata shari'ar ke jiransa. Labari ya riga shi isa. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Sannu da dawowa daga lahira. Ya mutanen can?"

Ya ce, "Suna gaishe ki."

"To ka koma su ba ka tuwo. Ni takaba nake."

Sai da ya haɗa da turmin atamfa da ban-baki kafin tukunya ta hau wuta. Liman kuwa ya daina amsa masa gaisuwa sai da ka. Kawu bai yi jayayya ba. Ya sa aka wanke makarar, aka kai ta masallaci aka jingine kusa da tsohuwar, wadda dama ta fara karkacewa. Liman ya ga abin, ya bar ta a wurin. Bayan wani lokaci aka yi rasuwa a unguwa, aka ɗauki mamacin a sabuwar makara, aka bi ta sabuwar mashiga, motoci suka tsaya cak. A hanyar dawowa Liman ya matso kusa da ƙaninsa, bai dube shi ba, ya ce, "Katakon yana da kyau." Sulhunsu ke nan.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce Kawu bai taɓa kuskuren awo ba. Amma a cikin murnar nasara da gaggawar majalisa, wannan sashe guda bai je gwajin Lahadi ba. Shi kaɗai ne ya tsallake rumfar kafinta. Mu Musulmi a kafaɗa muke ɗaukar mamaci. Mutanen Sabon Gari kuwa, a wancan zamani, akwati suke ɗorawa a kan amalanke mai faɗi, a lulluɓe shi da farin ƙyalle da furanni, dangi su dafa ta gefe da gefe suna tafe suna waƙoƙin coci. Kawu ya sha ganin haka tun yana yaro. Amma ranar da ya fito da tef, makara ce a gabansa, ita ya auna.

Allah da ikonSa, gawar farko da ta zo daga Sabon Gari ta mahaifiyar kafinta ce. Amalanke ya iso bakin mashiga, ƙafafunsa suka daki turakun nan biyu. Aka ja baya aka sake gwadawa, ya ƙi. Motoci sun tsaya, masu waƙa sun yi shiru, tsohuwa na kwance a tsakiyar rana. Mutanen Fagge da ke zaune wurin mai shayi suka taso, aka sauke akwatin aka riƙe a hannu, aka ɗaga amalanken sama aka tsallakar da shi, sannan aka mayar da ita. An kai ta, amma ba yadda ɗanta ya so ya kai ta ba.

Kawu yana cikin masu rakiya, a baya. Na ga fuskarsa. Bayan an watse, kafinta ya zo har dakali, bai zauna ba. Ban taɓa jin ya kira Kawu ba tare da tsokana ba sai ran nan.

Ya ce, "Alhaji, ni na yi maka makarar nan da hannuna."

"Kai ka yi."

"Na tsaya a rana ina tafa maka. Ashe riga ka ɗinka mai hannu ɗaya. Uwata ta yi shekarun da ta yi a garin nan, ta goya 'ya'yan Fagge, ta yi musu wankan jego. Yau an sauke ta a titi kamar buhun masara."

Kawu ya ce, "Ba ni da ta cewa. Ban kawo gwaji ba."

"Ba ka kawo ba." Ya juya ya tafi.

Gyaran ba wani babban aiki ba ne, a tuge turke ɗaya a matsar da shi. Amma faɗin yana cikin doka, sai majalisa ta sake zama a kansa, ga shi ana shirin bikin buɗe titin, ko da yake motoci sun riga sun fara bin sa. Manyan jam'iyya suka zo gida suka same shi. Suka ce, "Alhaji, wancan karon ka sa an yi mana dariya a kasuwa, mun haɗiye don ka ci nasara. Yanzu kuma ka tashi a zaure ka ce dokar da ka kawo da kanka ba daidai take ba? A bari a buɗe titi, baɗi a duba. In ka tayar da ita yanzu, to ka san kujerar jagora ba za ta jira ka ba."

Ya ce, "Mutuwa za ta jira baɗin?"

Suka ce ai ba kullum ake mutuwa a Sabon Gari ba. Ya raka su har mota, ya yi musu addu'a. Da ya dawo ya ce da ni, "Malam, ɗauko alƙalami. Lahadi muna da gwaji."

Mun je. Kafinta yana aiki, ya ƙi ɗagowa. Kawu bai roƙe shi ba. Ya wuce bayan coci inda ake ajiye amalanken, ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ƙasa, ya auna daga ƙafa zuwa ƙafa. Ya kira mata biyu ya ce su dafa gefe kamar yadda suke yi, ya auna da su. Matar kafinta, wadda duk muke kira Madam, ta ce, "Alhaji, ka ƙara. Ƙanwata ta fi waɗannan jiki, kuma ba ta fashin jana'iza." Aka yi dariya, ya ƙara. Muna shirin tafiya kafinta ya fito, ya karɓi bakin tef ɗin, ya ce, "Tela ba ya awon katako shi kaɗai. Riƙe can." Suka sake aunawa tare.

A majalisa Kawu ya miƙe ya ce, "Mai girma Kakaki, ni tela ne. In riga ta matse mai ita, ba a ce masa ya rame. Farke ta ake a ƙara ƙyalle. Awon nan nawa ne, kuma ya gaza. Na auna matattun gidanmu, na manta da na maƙwabta." 'Yan jam'iyyarsa suka sunkuyar da kai. Kowa na jiran jagoran adawa ya yi masa dariyar da manyan jam'iyya ke tsoro. Mutumin ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Mai girma Kakaki, ni na ɗauki gawar Alhaji, har yau bayana bai daina ciwo ba. Duk abin da zai hana a sake kirana ɗaukar wani, ina goyon baya." Aka yi dariya, aka kaɗa ƙuri'a, gyara ya wuce. Kafin bikin buɗe titi an matsar da turken.

Manyan jam'iyya kuwa sun cika alkawarinsu. A taro na gaba aka ba wani jagoranci. Na je masa jaje, na tarar da shi a kan keke yana ɗinkin wata 'yar riga ta jikarsa. Ya ce, "Jajen me? An sassauta mini wuyan riga ne, na sami iska." Ya ƙarasa wa'adinsa a matsayin ɗan majalisa kawai, yana gwajinsa a wurare biyu, bai sake tsallake ko ɗaya ba. Bayan nan ya koma shago, har idonsa ya daina ganin kafar allura.

Ranar Larabar nan, bayan an sallace shi, aka fito da makara daga masallaci. An sha yi mata gyara, an canza mata ƙafa, amma ita ce. Tsofaffin da suka gane ta suka dubi juna. Muka ɗauka muka nufi titin, wanda yanzu motoci da babura masu ƙafa uku suka cika shi har ba masaka tsinke. Ina tunanin yadda za mu ƙetare da wannan taro, sai na hango mutanen Sabon Gari sun riga mu isa. Sun jeru a hannu biyu na titin, maza da mata, sun tsayar da komai. A tsakiyar mashiga ga kafinta, ya tsufa tukuf, jikansa na riƙe da shi, ya ɗaga sandarsa sama kamar ɗan sandan hanya.

Muka shiga tsakanin turakun nan biyu. Masu ɗauka ba su rage tafiya ba, jama'a na gefe da gefe, Musulmi da Kirista, ba wanda kafaɗarsa ta taɓa ƙarfe. Da makarar ta zo daidai inda yake, tsohon ya sauke sanda, ya kai hannu ya shafi katakon da ya fere da kansa. Hawaye na bin fuskarsa, amma bakinsa murmushi yake. Ya sunkuya kamar mai raɗa, sai dai duk mun ji.

Ya ce, "Onarabul Tela, yau kam ba mai cewa ka sauka. Wuce abinka, ta yi maka daidai."

Ya Allah, bawanKa ya faɗaɗa wa matattun mutane hanya, nasa da na maƙwabta. Ka faɗaɗa masa kabarinsa, Ka yafe masa inda awonsa ya gaza, Ka sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.